Yayanta na farfaɗiya, Inna ta ce gado ne: in fasa auren?

"Assalamu alaikum Likita, Allah shi ƙara basira. Ni ɗan Talata Mafara ne, shekaruna 29, ina koyarwa a firamare. Akwai ɗiyar kawuna da nike so, mun daidaita har an fara maganar kai gaisuwa, sai Inna ta ce sam ba ta yarda ba, wai yayan yarinyar shina farfaɗiya tun yana yaro kuma abin gado ne, ɗiyanmu za su kwasa. Wata gwaggona kuma ta ce ba gado ba ne, iska ne, kuma in ya sake shi yana iya komawa kan wani a gidan. Ni dai kaina ya ɗaure. Don Allah mi ke kawo farfaɗiya, kuma da gaske ana gadonta? In fasa ko in ci gaba?"

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. In na fahimce ka da kyau, abin da ke hana ka barci shi ne ko ciwon da ke kan yayanta yana kwance a jikin ita yarinyar yana jiran ya ɓullo a 'ya'yanku. Na daɗe ina duba masu wannan lalura a asibitin gwamnati a nan jiharmu, kuma wallahi yawanci wannan tambayar daga ɓangaren mace take zuwa min, bayan an riga an maido da kaya, uwa ta rako 'yarta suna kuka. Kai ka tambaya tun kafin a yanke, toh ka kyauta.

Bari in fara ba ka a dunƙule sannan in warware. Farfaɗiya suna ne guda ɗaya da muka lulluɓe cututtuka da yawa da shi, kamar yadda muke cewa zazzaɓi alhali wani na sauro ne wani taifot ne. Wata farfaɗiyar akwai hannun gado a ciki, wata kuma babu ko ɗis, rauni ne ƙwaƙwalwa ta samu a hanya, kuma a irin ƙauyukanmu wannan ta biyun tana da yawa ƙwarai. Don haka kafin kowa ya ce a fasa ko a yi, sai an san wace iri ce ke damun shi yayan nata. Amma ba za ka gane bambancin ba sai na ɗan shiga da kai cikin ƙoƙon kai, ka yi haƙuri da ni, kai ma malamin makaranta ne ka san ba a fara karatu daga tsakiyar allo.

Abin da ke cikin ƙoƙon kai

Ka taɓa ganin ƙwaƙwalwar rago a wajen mahauta ko ranar layya? Ta mutum ma haka take, sai dai ta fi girma da yawan lanƙwasa, laushinta kamar awarar da ba a soya ba, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Amma wannan ɗan abin shi kaɗai yana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci da numfashi, shi ya sa in iska ta yanke mata na 'yan mintoci kawai sai ta fara lalacewa, ka riƙe wannan don za mu dawo kansa in mun zo maganar naƙuda.

A cikinta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyuron, kimanin biliyan 86, wato sun ninka yawan mutanen duniya sau goma har da ɗoriya, duk a kan mutum ɗaya. Kowace tana da siffa kamar itace, rassa birjik a sama masu karɓar saƙo, da doguwar saiwa guda ɗaya mai fitar da saƙo. Wata saiwar ba ta kai tsawon ƙwayar gero ba, wata kuma daga ƙasan gadon bayanka take tasowa har babban yatsan ƙafa, kusan mita guda. Saƙon da ke bi ta ciki lantarki ne na gaske ba misali nake yi ba. Gishiri ne iri biyu, sodiyam ya fi yawa a waje, fotashiyam ya fi yawa a ciki, sai wasu 'yan ƙofofi a jikin bangon ƙwayar su buɗe su rufe, gishirin ya kutsa, wutar ta tashi ta ruga. Ƙarfinta bai taka kara ya karya ba, bai wuce kashi ɗaya cikin goma na bolt ba, batirin tocila ma bolt 1.5 ne, amma a manyan jijiyoyi masu rufi irin robar da ke jikin wayar wuta, saƙon na iya cin mita 100 a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa in ka taka garwashi ƙafar ta riga ta ɗage kafin ka ce wayyo.

Abin mamakin shi ne su niyuron ɗin nan ba sa taɓa juna, akwai ɗan tsaga tsakanin kowace da maƙwabciyarta. Wani likita ɗan Sifaniya, Ramon y Cajal, shi ya dage a kan haka, har aka ba shi kyautar Nobel a 1906 tare da Golgi ɗan Italiya, wanda shi kuma bai yarda da maganar ba sam, ka ji rabon duniya. Toh yaya saƙo ke tsallake tsagar? Kamar matafiyi ne da ya zo bakin gulbi a Yauri, mota ta ƙare, sai kwale-kwale, in ya haye sai ya sake shiga wata motar. Kwale-kwalen nan sinadarai ne da ƙwayar ke fesawa, suna da yawa amma biyu ne suka shafe mu yau. Ɗaya sunansa gulutamet, aikinsa ya ce wa ta gaba "tashi", ɗayan kuma GABA, shi kuma ya ce "dakata". Duk tunaninka da karatun da kake koya wa yara da son da kake wa ɗiyar kawun nan, a kan wannan ja-in-ja na tashi da dakata suke tafiya.

Me ke faruwa lokacin da mutum ya faɗi

Ka ɗauki kasuwarku ta Mafara ranar Talata. Dubban mutane, kowa da cinikinsa, mai gero na awo, dillalin awaki na rantsuwa, daga nesa hayaniya ce amma a ciki komai na tafiya daidai saboda kowa abinsa daban yake yi. Haka lafiyayyar ƙwaƙwalwa take. Yanzu wani ya ƙwalla ihu daga gefen kara ya ce "ga su nan", ka san abin da ke biyo baya a wannan zamanin da muke ciki, kowa ya watsar da abin hannunsa, kasuwa gaba ɗaya ta ruga waje ɗaya, ba ciniki ba awo. Toh faɗuwar farfaɗiya ke nan, miliyoyin niyuron su tashi lokaci guda da murya ɗaya, masu cewa dakata su kasa riƙe su. Bayan minti ɗaya ko biyu ƙura ta lafa, mutane su dawo suna tsintar kayansu, shi ne za ka ga mai ciwon ya farfaɗo a gajiye, kai na ciwo, bai san abin da ya faru ba, barci kawai yake so.

Kuma ana iya ganin wannan da ido. Tun 1924 wani Bajamushe, Hans Berger, ya fara ɗauko wutar ƙwaƙwalwar mutum ya zana ta a takarda, shi ne gwajin da muke kira EEG, a manna 'yan wayoyi a fatar kai, ba allura ba zafi, kuma na'urar sauraro kawai take yi ba ta sa wa mutum wuta, don na sha ganin tsofaffi sun tsorata. Sai dai gwajin na iya fitowa lafiya lau ga mai ciwon in an yi shi lokacin da kasuwar ke zaune, don haka labarin wanda ya ga faɗuwar da idonsa ya fi mana komai.

Kowane yanki na ƙwaƙwalwa da aikinsa. Ƙeya ita ke gani, gefen kunne akwai ji da tuna abu da jin wari da tsoro, wani zirin a sama shi ke motsa gaɓoɓi, kuma a gicciye, ɓangaren hagu ke juya hannun dama, goshi kuma nan ne tsara abu da kame kai. Tun 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya yi shekaru yana fahimtar magana amma ba ya iya furta komai sai kalma ɗaya, ya tarar da rauni a gaba ta gefen hagu. Dalilin da ya sa na kawo wannan, inda ihun ya tashi a kasuwar shi ke nuna kamannin ciwon. In ya tashi wajen motsi, hannu ɗaya ne zai fara fizga. In gefen kunne ne, mutum ya ji wani wari da babu shi, ko tsoro ya taso masa daga ciki zuwa maƙogwaro, ya ƙura ido yana tauna baki yana tsinkar riga, wani ma ya miƙe ya kama hanya ana kiransa bai sani ba. Ka ga ai dole wanda bai san wannan ba ya ce iska ne.

Akwai wani yaro da ba na mantawa, bai wuce shekara takwas ba, babansa ya kawo shi wai don kunne, ya ce malaminsu na allo ya gaji da bugunsa, ana biya masa sai ya yi shiru kamar ba da shi ake ba. Na duba kunne lafiya lau. Sai na yago takarda na riƙe a gaban bakinsa na ce ya yi ta hura ta da ƙarfi kamar mai hura wuta, bai kai minti biyu yana hurawa ba sai ya tsaya cak, ido a buɗe, gashin ido na ɗan kaɗawa, na kira sunansa shiru, na ce masa "goro" a kunne, bayan kamar daƙiƙa goma ya ci gaba da hura takardarsa. Na ce me na ce maka yanzu? Ya ce ba ka ce komai ba. Uban ya dafe kai yana salati, ya ce "ashe bulalar banza yaron ga ya sha". Wannan ma farfaɗiya ce, ba faɗuwa ba kumfa, tana iya zuwa sau da yawa a yini, kuma irinta ce ma ake samun hannun gado a ciki, amma tana jin magani, yara da yawa kuma tana barinsu in sun balaga.

Yanzu maganar gado

Mu Hausawa bakinmu biyu a nan, mu ne muka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mu ne kuma muka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma duka biyun gaskiya ne. A cikin kusan kowace ƙwayar jikinka akwai zare 46 da ake kira kuromosom, 23 daga Inna 23 daga Baba, an yi su da DNA ɗin nan da kake ji ana gwaji, a jikinsu kuma akwai umarni kimanin 20,000, kowane ɗaya Turawa na ce masa jin. Kar ka ji jin ka ɗauka na koma layin gwaggo, ba jinnu nake nufi ba, ƙwayar gado ce. Waɗansu daga ciki su ne ke ɗauke da bayanin yadda za a ƙera 'yan ƙofofin gishirin nan da na faɗa maka, in aka samu ɗan kuskure a rubutun sai ƙofar ta zama mai saurin buɗewa, kasuwar mutumin ta zama mai saurin firgita.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne suna auna kowane gado da ma'aunin sikila. Sikila ƙwayar gado guda ɗaya ce, lissafinta a fili yake, AS ya auri AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Akwai wasu nau'o'in farfaɗiya 'yan kaɗan da ke bin irin wannan layin, amma mafi yawan masu alaƙa da gado ba haka suke ba, ƙwayoyi ne da yawa kowace ta ba da ɗan nata, kuma ko sun taru abin da suke bayarwa shi ne sauƙin kamuwa, ba tabbacin kamuwa ba. Kamar irin gero ne, iri ɗaya ka ba manoma biyu, ɗaya a fadama ɗaya a kan fako, damina ta yi wa wannan ta ƙi wancan. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu DNA iri ɗaya sak, ana samun Hassan na da ita Husaini ba shi da ita har tsufa.

In lissafi kake so, wani dogon bincike da aka yi a garin Rochester na jihar Minnesota a Amurka ya nuna cewa a cikin jama'a gaba ɗaya, sama kaɗan da mutum 1 cikin 100 ke samun farfaɗiya kafin shekara 40, a cikin dangi na kusa-kusa kuwa, wato iyaye da 'ya'ya da 'yan ɗaki ɗaya da mai ciwon, abin ya kusa 5 cikin 100. Eh ya ƙaru, ba zan ɓoye maka ba, amma juya lissafin ka gani, 95 cikin 100 lafiyarsu ƙalau. Kuma wannan na 'yan kusa ne, 'ya'yanku kuwa shi kawunsu ne, an ƙara nisa da taki ɗaya, haɗarin ya sake raguwa. Sannan a wancan binciken, inda ciwon ya samo asali daga rauni da aka samu bayan haihuwa, dangin ba su fi sauran mutane haɗari ba. Alƙaluman can ne ba na nan ba, amma yadda gado ke aiki a jikin Bature haka yake aiki a jikin Bazamfare.

Akwai wani abu kuma da nake so ka lura da shi amma kar ka je ka faɗa wa Inna shi gatsau. Kawu fa ɗan'uwanta ne. In har ciwon ta jinin kawu ya biyo, toh jinin nan nata ne, kai ma kana da rabonka, ko 'yar Argungu ka auro ba ka tsere masa gaba ɗaya ba. Abin da ya kamata a duba da gaske shi ne auren zumuncin kansa. 'Ya'yan wa da ƙanwa suna tarayya a kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, don haka in akwai wata ɓoyayyar matsala daga kakanku, damar ta haɗu ta ɓangare biyu a jikin jariri ta fi yawa. A auren bare, jarirai 2 zuwa 3 cikin 100 ke zuwa da wata babbar matsalar haihuwa, a irin naku yakan kusa ninki biyu, in kuma iyaye da kakanni duk 'yan gida ɗaya ne suka yi ta auren juna ya fi haka. Yawancin irin auren nan 'ya'ya lafiya suke fitowa, ni kaina iyayena 'yan'uwa ne, amma ba zan ce maka babu komai ba.

Abin da ke bin gida ba lallai ya bi jini ba

Wannan darasin mu 'yan Zamfara mun biya shi da tsada. A 2010 yara suka dinga jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma abin ya yi muni. Gida ɗaya a rasa yara biyu uku, wa da ƙane da ɗan baffa, duk da ciwo iri ɗaya. In da lissafin Inna za a bi sai a ce ai gadon gidan ne, in na gwaggo ne a ce an taɓo mutanen ɓoye a ramin zinare. Da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da sauran masu bincike suka auna jinin yaran sai ga gubar dalma. Duwatsun zinaren da ake kawowa cikin gida ana dakawa a turmi ana niƙawa a inji suna cike da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida, mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Ita dalma jiki na ɗaukarta kamar sinadarin kalsiyam ne, sai ta shige har inda niyuron ke miƙa wa juna saƙo ta dagula shi, in ta yi yawa ƙwaƙwalwa ta kumbura. Yara sama da 400 suka rasu, cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda aka bari da farfaɗiya ko makanta ko naƙasar fahimta. Jininsu ɗaya, gaskiya ne, amma tsakar gidansu ma ɗaya ce, kuma tsakar gidan ce ta yi ɓarnar.

Ban ce dalma ce ta taɓa ɗan kawunka ba, shekarunsa ma wataƙila sun wuce na waɗancan yaran. Misali ne. Abubuwan da na fi cin karo da su in na zauna da uwa na bi tarihi a hankali su ne doguwar naƙuda a gida, kwana biyu ana fama, jariri ya fito bai yi kuka ba sai da aka yi ta yayyafa masa ruwa, ka tuna na ce ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska. Sai shawara mai tsanani a makon farko. Sai zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yaro ya kwana biyu bai san inda yake ba. Sai sanƙarau, wanda kowa ya san yadda ya yi mana a 2017. A manya kuma faɗuwa a babur ba hular kwano, da shanyewar ɓarin jiki, da samarin da ke zuba wa cikinsu tiramol, don ita kaɗai tana iya kayar da lafiyayyen mutum. Duk waɗannan tabo suke bari a ƙwaƙwalwa, tabon ya zama wurin da ihu ke tashi, wani lokacin sai bayan shekaru. Kuma tabo ba ya shiga DNA, kamar yadda wanda ya rasa yatsa a injin niƙa ba ya haifar ɗa mai yatsa huɗu. Akwai kuma kaso mai yawa da duk binciken da za a yi ba a ganin dalili.

A ware jijjigar zazzaɓi ta ƙananan yara, wadda tsofaffi ke ce wa bugun tsuntsu, daga wata shida zuwa shekara biyar, jiki ya yi zafi yaro ya sanƙare. Ita takan bi dangi, amma yawancin yaran suna girma su bar ta, ba ta zama farfaɗiya.

Maganar gwaggo kuwa, ni ba malamin addini ba ne kuma ba zan shiga gonarsu ba. Abin da na sani a nawa fagen, ciwon nan ba ya tashi daga kan wani ya koma kan wani, ba ta yawu ba, ba ta kwano ba, ba ta tsallake inda ya faɗi ba. Na duba wata baiwar Allah da yatsun hannunta uku suka manne saboda ta faɗa murhu tana tuƙa tuwo, matan gidan na tsaye suna salati ba wadda ta janye ta, kowa na tsoron kumfar bakinta. Wannan hannun har yau yana min ciwo a rai. Kuma ai a hadisin Ibn Abbas akwai matar nan mai farfaɗiya da ta zo wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta zaɓi haƙuri a kan alƙawarin Aljanna, ta roƙi addu'a kar jikinta ya riƙa buɗewa, ya yi mata. Ba a ce a guje ta ba. Addu'a da ruƙiyya ban taɓa hana kowa ba, sharaɗina biyu ne, kar a ajiye magani, kuma ba duka ba hayaƙin barkono.

In ni ne kai

Ban ga ɗan kawunka ba, ban ga takardunsa ba, don haka ba zan ce maka tasa iri kaza ce daga saƙon waya ba, hukuncin aure kuma naka ne da iyayenka. Amma da ni ne, zan samu matar kawu, ita ta haife shi ita ta san komai, in zauna da ita cikin ladabi ba kamar mai tuhuma ba, in tambaye ta yadda naƙudarsa ta kasance, ya yi kuka da ya faɗo ko bai yi ba, yana shekara nawa abin ya fara, akwai wata babbar jinya ko buguwa a kai kafin nan, ta gefe ɗaya yake farawa ko duk jiki lokaci ɗaya, sannan in bi dangi ɓangare biyu in ƙirga ko akwai wasu masu irinsa, ko yaran da suka rasu da jijjiga, ko waɗanda ba su yi tafiya da magana a kan lokaci ba. In ta ce ai lafiyarsa lau har shekara huɗu sai ya yi sanƙarau ya kwana goma a asibiti, bayan nan abin ya fara, kuma shi kaɗai ne a zuri'a, toh tsoron gado ya ragu ƙwarai. In kuwa ka tarar mutum uku huɗu ne a dangi, musamman in an haɗa da jinkirin girma, nan kam ku je ku zauna da likitan yara ko na ƙwaƙwalwa kafin a sa rana. Ita ma yarinyar a tambaye ta a asirce ko ta taɓa suma ko fizgar hannu da sassafe har kofi ya suɓuce mata. Ba don a guje ta ba, don in tana da ita akwai maganin da ba a so mace mai shirin ɗaukar ciki ta sha, irin su Epilim, sai a canza mata tun da wuri. Kuma ko babu wannan zancen gaba ɗaya, ku yi gwajin jinotayif, don a auren zumunci sikila ta fi farfaɗiya ba ni tsoro nesa ba kusa ba.

Shi kuma bawan Allahn da ake ta magana a kansa kamar ba mutum ba, shin yana shan magani kuwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon daidai aka ba su maganin da ya dace. Magungunan ba baƙi ba ne, su finobabiton da Tegretol, aikinsu ko su ƙara wa masu cewa dakata ƙarfi ko su rage saurin buɗewar ƙofofin gishirin nan. Matsalarmu ita ce a sha wata biyu a ga sauƙi a ajiye, ko kuɗi su yanke, ko hanya ta ƙi biyuwa, kuma yanke shi farat ɗaya na iya jawo faɗuwar da ta fi ta da muni. Kullum ake sha, likita ne kaɗai zai rage, rashin barci kuma babban abokin gabarsa ne. Ku da ke Mafara kuna tsakiya, ga asibitin gwamnatin tarayya na FMC Gusau, ga asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kuma zuwa Kware ba ya nufin mutum ya haukace, farfaɗiya daban taɓin hankali daban.

In ya faɗi a gabanka, ka janye shi daga wuta ko ruwa ko titi, ka sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kar a danne shi, kar a tura masa cokali ko yatsa a baki, ba ya haɗiye harshensa, haƙori kawai za a karya masa, kar a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya dawo hayyacinsa sarai. In fizgar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe. Ka duba agogo, in ta wuce minti 5 ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, sai asibiti da gaggawa. In akwai mutum na biyu a wurin ya ɗauki bidiyo da waya don likita kawai, ba don a tura wa kowa ba, minti ɗaya na bidiyon nan ya fi mana bayanin mutum goma.

Inna kuma ka bi ta a sannu, jikokinta take karewa, kuma da wuya bayanin niyuron daga bakinka ya sauya mata ra'ayi, ɗanta ne kai. Abin da na ga yana aiki shi ne a samu wani babba da take jin nauyinsa, ku tafi tare da ita ranar da za a kai ɗan kawun asibiti, ta zauna ta yi tambayarta da bakinta ta ji amsa daga likita. In ka samo bayanan wajen matar kawu ka turo min, musamman shekarun da ya fara da kuma abin da ya same shi kafin nan.